Amsoshin Tambayoyinku: Ina Son Zaga Kufai Da Fagagen Fama, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Unguwar Kanawa, Kaduna. Ina jin labarin matasan wasu ƙasashe da ke goya jaka su yi makonni suna zaga kufan tsofaffin birane da wuraren da aka gwabza yaƙi. Shin muna da irinsu a ƙasar Hausa? In akwai, ta ina zan fara, ga shi guzurina bai taka kara ya karya ba?

AMSA: Tambayarka ta faranta mini rai ƙwarai. Muna da su, har sai ka gaji da tafiya. Amma ka riƙe wannan tun daga gida: kufanmu yawanci na ƙasa ne, ruwan sama ya cinye su. Wanda ya je bai san labarin wuri ba, tudu da ciyawa kawai zai gani. Saboda haka karatu kafin tafiya, gaisuwa kafin shiga.

Ka fara da ƙofar gidanka. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu bai yi maka nisa ba. A can za ka ga kayan yumɓun Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Daga nan ka wuce Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, ka zauna a ɗakin karatu kwana biyu ko uku da littafi da biro.

Zangon farko, Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi. Nan ne mazaunin sarautar Zazzau kafin a koma Zariya, kuma sunan Bakwa Turunku da Sarauniya Amina a haɗe yake da garin. Sai ka nufi Zariya, ka bi sauran ganuwar birni da ƙafa, ka ƙarasa gindin dutsen Kufena ta wajen Wusasa.

Zango na biyu, Kano. A nan nake so ka daɗe, domin tsohon tarihi da fagen yaƙi sun haɗu wuri guda. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, wajen ƙarni na 12. Ka hau Dala da sassafe kafin rana ta buɗe; za ka hango Gwauron Dutse da rufin gidajen tsohon birni har Kasuwar Kurmi. Sannan ka sauko ka tafi Ƙofar Kabuga. Yau motoci da 'yan adaidaita ke ta kaiwa da komowa, amma ta nan sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka kutsa birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903, bayan sun yi wa ƙofar ruwan igwa, Sarkin Kano Alu kuwa yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Ka tsaya can gefe, ka kalli faɗin gindin ganuwar inda ta rage, ka tuna da hannu aka tara ƙasar nan, kwando bayan kwando. Ka ƙare yinin a Gidan Makama, ma'aikata su zaga da kai.

Zango na uku, in aljihu ya yarda, Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a fagen Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a na ta bin sa. A Burmi aka cim masa, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa. Manjo Marsh, jagoran sojojin Turawa, shi ma a nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. In ka isa, ka tuna maƙabarta ka shigo: ka yi sallama, ka yi addu'a, ka rage murya.

Akwai wuraren da zan ce ka dakata tukuna. Surame, birnin Kanta na Kabi. Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Tabkin Kwatto, inda aka kara a 1804. Da Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama a 1903. Dukkansu suna yankunan da 'yan bindiga suka addaba. Tarihi zai jira ka, rai kuwa ba a aronsa. Ko Turunkun ma, sai ka tambayi direbobin tashar Kawo lafiyar hanya a ranar da za ka tashi.

Batun shiri kuwa, ka tafi cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe, sawun ganuwa ya fito. Ka sa wa jakarka gorar ruwa, dabino, ƙuli-ƙuli, rigar sanyi, tocila da katin shaida, ka sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da maciji. Ku tafi ku biyu, kada ku yi tafiyar dare, kada ku kwana a daji. Duk garin da kuka sauka, ku fara da ƙofar hakimi ko dagaci, ku faɗi abin da ya kawo ku. Shi zai haɗa ku da dattijon da ya san inda ƙofa take da inda aka binne wa. Da ɗan gari akan ci gari. Ku riƙe goronku na gaisuwa, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Ko tsingaro ka gani a ƙasa, ka duba ka mayar inda yake. Doka ta hana kwashe kayan tarihi, kuma rabon masu zuwa bayanka ne.

Roƙona gare ka, ɗana: duk abin da dattawan nan suka gaya maka, ka rubuta shi a ranar, da sunan gari da kwanan wata. Ganuwa na zubewa kowace damina, masu labarin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.