Angurya: Abinci Ce, Amma Da Dafi A Ciki

Manomi, angurya tana sa shanu ƙiba da rani. Amma in ka fasa ƙwaya ɗaya, za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a cikin tsokarta. A nan dafin da masana ke kira gosifol yake. Yana taruwa a jiki sannu a hankali, ya lalata zuciya da hanta.

Babbar saniya mai tuƙa, tumbinta yana rage ƙarfin dafin. Kaji, zomaye, maruƙa da 'yan tumakin da ba su fara tuƙa ba, ba su da wannan kariya.

Ga abin da za ka kiyaye:

1. Kada ka ba ƙananan dabbobi angurya.
2. Manya ma kaɗan-kaɗan, a haɗa da dusa da harawa.
3. Bijimi da ragon barbara, rage musu sosai, domin dafin yana raunana maniyyi.
4. Irin shuka da aka zuba wa magani ba abincin dabba ba ne.

In dabba ta fara haki ko ƙin cin abinci, daina ba ta nan take. Dafin ba shi da makari. Garzaya wurin malamin dabbobi.