Bari Kalangu Ya Fara Ba Da Shaida

'Yata, na karanta farkon labarin da kike shirin aika wa gasar Hikayata. Allah ya yi miki albarka, alƙalaminki na da daɗi. Sai dai kin fara da hadari yana haɗowa a kan duwatsun Dutse, kika kawo baitin waƙa, kika ɗauko tarihin yarinyar labarin tun daga yaye, ba a ji an yi ɓarna ba sai can tsakiya. Gasar nan da BBC Hausa ta fara a 2016 ba ta da wannan fili, kalmomi 1,500 ne iyakarki.

Kin ce waƙar Gambu ce ta haifar miki da labarin. To ki koma ki saurare ta da kunnen marubuciya. Gambu, wato Muhammadu Gambo Fagada, mutumin ƙasar Kabi, ya daɗe yana yi wa ɓarayi waƙa kafin ya tuba ya daina. Ba ya tsayawa yi wa kowa bayanin sata. Suna yake kamawa, ya faɗi gari, ya faɗi abin da aka aikata. Haka Kassu Zurmi da 'yan tauri, haka Ɗan Anace da 'yan dambe. Kiɗan Bahaushe da mai shi. Kalangu na mahauta ne, tambari da kakaki na sarauta, kuma duk wanda ya isa yana da takensa, wanda in an kaɗa ko barci yake sai ya motsa. Nan arzikinki yake, domin a wurinmu kiɗa yana iya tona asiri.

Ɗauki ranar kasuwar Shuwarin. Makaɗi ya tsaya a bakin rumfar mahauta ya saki taken wani, kowa ya waiwaya yana jiran ya fito da kyauta kamar kullum. Aka maimaita, shiru. Ga wuƙarsa a ajiye, ga nama ƙuda na bi. Ba ki ambaci gawa ba, amma gaban mai karatu ya riga ya faɗi. Ko kuma a kaɗa taken mamaci, wani baƙo da ya rantse bai taɓa saninsa ba ya zabura. Wannan ta biyun ta fi kwanta mini, don tun a layin farko an sami wanda ya yi ƙarya. In na zamani kike so, ga gidan biki a Garu, lasifika na tashi har ba a jin kiran maƙwabci, janareta ya mutu, sai a lokacin aka ji ihun da aka daɗe ana yi a bayan gida.

Baitin nan kuwa ki cire shi. Takarda ba ta da amo, kuma waƙar da mai ita. Rubuta abin da kiɗan ya yi wa mutane: wane ya kai hannu aljihu, wace ta sunkuyar da kai, wane ya sulale ya bar wurin.

Sai mai binciken naki. Na ga kin ɗauko shi daga finafinan Amurka, har da kwat da tabarau. A Kiyawa ko Jahun, kafin labari ya kai ofishin 'yan sanda ya biya ta wurin mai unguwa da 'yan sintiri, wani lokaci har dagaci ya sani. Kuma mu ba ma ajiye mamaci. Wanda aka tsinta da hantsi, dangi na son a yi masa sutura kafin la'asar, abin da jikinsa zai faɗa kuwa ya bi shi kushewa. Sa mai karatu ya ji wannan gaggawar tun a sakin layi na farko: ga masu wanka suna jira, ga mutum ɗaya da zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Tarihin yarinyar kada ki yar da shi. Ajiye shi har lokacin da wani zai tambaye ta inda ta san makaɗin, sannan ki ba mu rabinsa.