Darasin Turanci: Haushi Daban, Fushi Daban

A ajinmu na matan aure a Funtua, wata ɗaliba ta ba ni labarin ranar da ta je makarantar boko a kan an doki ɗanta. Ta ce wa shugabar makarantar "I am annoying". Nufinta an ɓata mata rai, amma abin da ta faɗa shi ne ita ce mai ban haushi. Aka yi ta murmushi, ƙorafin ya bi ruwa.

To ki riƙe wannan: annoyed, ke aka ba haushi, annoying, abin da ya ba ki haushin, kamar ƙarar injin niƙa da sassafe. In ya kai ga fushi, angry ke nan. In ya tunzura ki matuƙa, furious. Upset ɓacin rai ne haɗe da damuwa, kuma ita na fi so ki faɗa gaban malami ko likita, don ba ta jawo gardama. Fed up kuwa "ya ishe ni" ce, irin ta maigida a kan tsadar taki.

Sai mad. A Amurka fushi take nufi, a nan kuwa hauka za a ji. Kada ki gwada ta a kan kowa a kasuwar Malumfashi.