Ciwon Fitsarin Dattawa: Me Aikin Toshe Jijiya Yake Haifarwa?

A hutun da ya wuce na je gida Kibiya, na tarar an sa wa kawuna robar fitsari. Ashe shekara uku ke nan yana tashi sau biyar ko shida a dare, in ya tsuguna sai ɗis-ɗis, alwala kuwa ba ta daɗewa. Kunya ta hana shi faɗa, sai jiƙe-jiƙe yake ta sha, har ranar da fitsarin ya ƙi fita sam, aka kawo shi asibiti nan Rano cikin dare. Likita ya ce kumburin furostet ne. Wannan ya sa na zauna na yi karatu a kai.

Furostet wani ƙululu ne da maza kaɗai ke da shi, girmansa kamar ƙaramin goro. Yana ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye hanyar fitsari. In shekaru suka ja sai ya ƙara girma ya matse hanyar. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da shi. Kumburin nan ba kansa ba ne, amma alamominsu kan yi kama. Kuma ba ya barin mai mulki: Sarki Charles na Ingila ma an yi masa aiki a kai a Janairun 2024.

Da farko magani ake bayarwa, irin su tamsulosin da finasteride. In ya gagara, sai aikin da aka saba, wato TURP, inda ake bi ta hanyar fitsari a kankare naman da ya tare. Yana aiki sosai, sai dai akwai zubar jini da kwanciya a asibiti, kuma yawancin waɗanda aka yi wa, maniyyi kan riƙa komawa cikin mafitsara. Ga mai son ƙarin haihuwa, ka ga ba ƙaramar magana ba ce.

To, sabuwar hanyar ita ce PAE, wato toshe jijiyoyin da ke kai wa furostet jini. Likita zai zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi ko wuyan hannu, yana kallo a na'urar hoto, ya tura wasu ƙwayoyi ƙanana kamar yashi su toshe jijiyar. Kamar dai manomin rani ne a Kadawa ya datse magudanar ruwa: shukar da ke ƙarshenta dole ta yanƙwane. Haka ƙululun ke motsewa cikin makonni. Ba a sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa, kuma sau da yawa a ranar yake komawa gida. Dakta Francisco Carnevale ya fara yin sa don wannan ciwo a Burazil a 2008, hukumar NICE ta Ingila kuma ta amince da shi a 2018.

Yaya sakamakon yake? A 2016 Dakta João Pisco na Fotugal ya fitar da rahoto kan mutum 630: kusan kashi 82 cikin 100 sun samu sauƙi tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, adadin ya sauko zuwa kashi 76 bayan haka. A Suwizalan kuma, a 2018 an gwada PAE da TURP a kan mutum 103. Sauƙin da marasa lafiya suka ji ya yi kusa da juna, matsalolin bayan aiki sun fi ƙaranci a PAE, amma ƙarfin fitar fitsari TURP ya fi. Cikin shekara biyu, kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu PAE sai da aka koma aka yi musu TURP.

Ke nan PAE ya fi sauƙi a jiki, TURP ya fi ƙarko. Kuma ba kowa ya dace da PAE ba, musamman dattijon da jijiyoyinsa suka ƙuntata. Yana buƙatar na'ura mai tsada da ƙwararren likita, shi ya sa ba ko'ina ake samun sa ba.

Abin da ke hannunmu mu ɗalibai shi ne kada a makara. In ka lura Baba ko Kawu yana yawan fita da buta cikin dare, ko yana daɗewa a banɗaki, ka san yadda za ka yi masa magana cikin ladabi, ko ka bi ta hannun amininsa. A fara da asibitin kusa, in ta kama a wuce Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A yi gwajin jini na PSA da hoton ciki. Fitsarin da ya daɗe yana taruwa yana iya lalata ƙoda, wallahi wannan ya fi kunyar nauyi.

Kawuna dai yana kan magani, an cire robar. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.