Yadda ake gano matsalar AC a motar a-kori-kura

Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga masu Hilux sun yi layi wajen mai gyaran AC, kowa bakinsa ɗaya: a ƙara gas. Alhali gas ɗin AC ba fetur ba ne da zai ƙone ya ƙare. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, in kuwa ya ragu to akwai inda yake zurarewa. Don haka kafin a taɓa shi akwai abubuwa masu arha da za a fara dubawa.

Tayar da mota, ka kunna AC, ka ƙure fanka. In babu iska sam, laifin na fis ne, ko na motar fankar da ke ƙarƙashin dashbod. In iskar na fitowa amma ba ƙarfi, ciro matatar iska, wadda a yawancin motocin da ke da ita tana bayan akwatin ajiye takardu na gefen fasinja. Motar da ta sha ƙurar hunturu a hanyar kasuwannin ƙauye, za ka samu matatarta ta toshe.

In iska na zuwa da ƙarfi amma da ɗumi, buɗe bonet. Sa wani ya danna maɓallin AC, kai kuma ka zuba wa kwamfureso ido. Ya kamata ka ji ƙas, faifan gabansa ya kama ya shiga juyawa tare da bel. In bai kama ba, duba fis da rile, ka musanya rilen da wani irinsa ka gani. In duk lafiya suke, to wataƙila gas ya yi ƙasa har makunnin tsaro ya yanke wuta don kada kwamfureson ya ƙone. Wasu sukan haɗa masa waya kai tsaye daga batir su tilasta shi aiki. Wannan ganganci ne, domin gas ɗin ne ke zagayawa da man da ke shafa cikinsa.

Akwai kuma AC mai sanyi a kan babban titi, da an shiga cunkoso sai ya mutu. Wannan yawanci kwandensa ne, wanda ke gaban lagireto. A-kori-kura motar gona ce. Ƙaiƙayi da ciyawa da laka kan cushe kwandensan. A wanke shi da ruwa a hankali kada haƙoransa su lanƙwashe, sannan a tabbatar fankar inji na jan iska sosai.

Sai bayan nan a ɗaura gejin auna matsin gas a ɓangarorin AC biyu, na ƙasa mai ƙaramin matsi da na sama mai babban matsi. A mota mai gas R134a, ɓangaren ƙasa kan nuna kamar psi 25 zuwa 45, na sama kamar 150 zuwa 250, ya ɗan haura in rana ta ƙwalle. In duka biyun sun faɗi, gas ya zurare. In duka sun hau, an cika gas fiye da kima, ko kwandensa ba ya hucewa. In na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, kwamfureso ya gaji. In na ƙasa ya nutse wajen sifiri, wani wuri ya toshe, galibi bawul ɗin da ke fesa gas.

Wajen neman yoyo, bi mahaɗan bututu ka nemi inda maiƙo ya kama ƙura, ka shafa kumfar sabulu ka ga ko za ta yi ƙwai. Sau da yawa ƙaramin zoben roba ne ya bushe. Bayan an toshe, dole a zuƙe iska da danshi da famfo na kamar minti 30, sannan a zuba gas da sikeli daidai giram ɗin da ke rubuce a takardar da ke manne cikin bonet. A sa tabarau, domin R134a na tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifiri, yana ƙona fata da ido. Kada kuma ka yarda a zuba maka R600a na firji don arharsa, domin yana kama wuta.