Kafin yaro ya shiga lakwal

Ƴan uwa, a watan Oktoba ake buɗe lakwal. Yara masu shekara 6 ko 7 suke shiga ajin farko. Wani yaro da murna yake shiga. Wani kuwa, in mushe ya tambaye shi sunansa, sai ya sunkuyar da kai, ya fashe da kuka. Ga kuma faransanci da bai taɓa ji ba. Yaron da ya fara da tsoro, sau da yawa shi ne ke gudun lakwal tun bai iya karatu ba.

Dokar ilimi ta Nijar ta 1998 ta tanadi ajin ƙananan yara, masu shekara 3 zuwa 5. Amma irin wannan aji ya fi yawa a birane, kamar Damagaram. A ƙauyuka da yawa babu shi. To, mu mutanen Dakusa, wa zai shirya mana yaranmu? Mu ne, a cikin gida.

A 2011 gwamnati, da taimakon Bankin Duniya, ta kafa wani shiri na tallafa ma talakawa a jahohi 5: Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. An riƙa ba matan gida jika 10 kowane wata, har wata 24. Ba kuɗi kaɗai ba ne. Kowane wata ana taron gari, ana taron mata, kuma wanda aka horar daga cikin mutanen garin ya bi gida gida. Yana yi ma iyaye bayani kan abinci, lafiya, tsabta, da yadda ake wasa da hira da yaro.

Me ya sa sai an zo har gida? Don a wurin taro mutum yana jin kunyar tambaya. A gida kuwa, mai ziyara zai ga yaron da idonsa, ya nuna ma uwa abin da za ta yi da kayan da take da su.

In mai ziyara ya yi muku sallama, ku shimfiɗa masa tabarma. Maigida, kai ma ka zauna, kada ka ce wannan zancen mata ne. In kuma babu mai zuwa garinku, ga abin da za ku iya yi da kanku:

1. Ku riƙa hira da yaro. In ya yi tambaya, ku ba shi amsa, kada ku kore shi.
2. Ku yi masa gatana da dare, gobe ku ce shi ma ya yi muku.
3. Ku sa shi ƙirga awaki, ko damman hatsi, ko tsakuwa.
4. Ku bar shi ya yi zane a ƙasa da kara. Hannunsa zai saba kafin ya riƙe alli.
5. Ku koya masa sunansa, da sunan ubansa, da sunan garinsu.
6. Ku nema masa takardar haihuwa tun da wuri, ku adana ta da katin rigakafinsa.

Akwai maganar ɗan fari. Mun san al'ada: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta cika yi masa magana gaban mutane ba. To, kunya abu ne mai kyau, amma yaro da jin magana yake koyon magana. Uwa, ki yi hira da shi in kuna ku biyu. Kaka da gwaggo su ma su taimaka.

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, yanzu kun san baƙaƙe. Yau da marece ku rubuta ma yaronku sunansa a ƙasa, ku bar shi ya bi da yatsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Me ke sa wasu yara gudun lakwal?
2. Mene ne amfanin ziyarar gida?
3. Wane abu za ka fara yi da yaronka yau?