Darasi: Ambaliya da Rayuwar Mata Manoma a Kwarin Binuwai

Manufa: Mu gane yadda sauyin yanayi yake taɓa lafiyar mata da sana'arsu, mu kuma san abin da ya wajaba a kan iyali.

Gabatarwa
Iska mai zafi takan riƙe tururin ruwa fiye da mai sanyi. Saboda haka, yayin da duniya take ƙara ɗumi, ruwan sama yakan zubo da yawa a lokaci guda. A 2012 da 2022, ruwa mai ƙarfi, haɗe da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ya sa kogin Binuwai ya cika ya batse, ya cinye gonaki daga Yola har Makurɗi da Lakwaja. A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu.

1. Sana'a
Ambaliyar takan zo a Satumba da Oktoba, gab da girbi. Mace takan rasa gayaunarta da kajinta da awakinta, inda kuɗin makarantar yara da zubin adashi suke fitowa. Mata da yawa gonar aro suke nomawa, don haka samun rance yakan yi musu wuya.

2. Lafiya
Ruwa yakan kwashe ƙazantar salga zuwa rijiyoyi, sai kwalara ta ɓarke, mace ce kuwa mai jinya. Sauro yakan yawaita. Zazzaɓinsa yakan rage wa mai ciki jini, ya sa ta haifi jariri marar nauyi. In hanya ta yanke, mai naƙuda ba ta isa asibiti. Gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba sukan yi funfuna mai guba, wadda take lahanta hanta.

3. Abin Yi
Tun ran gini, ran zane. A saurari hasashen damina na hukumar NiMet, a shuka iri mai nuna da wuri, a ajiye hatsi a kan tudu. A tafasa ruwan sha. Mai ciki ta kwana cikin gidan sauro, ta je awo, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau 3. Maigida da 'ya'ya maza su sa hannu a ɗiban ruwa da itace.

Tambayoyi Don Tattaunawa
1. Wane aiki ne yake ƙaruwa wa uwa a gidanku bayan ambaliya? Wa zai rage mata?
2. Ta yaya zumuntar mata za ta tanadi iri domin gwauraye kafin damina?